Tarwaɗar da Ba Ta Jure Hanya

Zuwa ga ɗana Likitan Kifi,

Ga gaisuwa irin wadda ta dace da ɗan da ya manta da goggonsa, rabi da daɗi rabi da jan kunne. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da jaririyar da har yau ko hotonta ban gani ba. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana yi min tsiyar da ta saba. Babanka kuma lafiya lau, yana can wajen injin niƙansa ya yi fari fat da gari kamar yanzu aka tono shi.

Na san za ka ce tun da ka tafi gonar kifin nan ta tsakiyar ruwa, inda waya ba ta shiga, Goggo ba ta taɓa ɗaukar biro dominka ba sai yau. Ba ka yi ƙarya ba. Kakana da kakan babanka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Zumunci ne mai nisa amma bai tsinke ba, kuma ni 'yar kasuwa ce, ba na kwance tsohon ƙulli sai ranar da nake bukatar abin da ke ciki. Yau ina bukatarka.

An daki Auta, ɗan cikina.

Ka san aikinsa. Shi ke ɗauko tarwaɗa da rai daga tafkunan masu kiwo, cikin durorin roba, ya kawo mana kasuwa. Tun yana yaron mota yake wannan hanya. To 'yan watannin nan kifi ya fara isowa a mace. A tafki ka gan shi ɓul-ɓul, sai sheƙi yake, cikinsa kamar na ɗan kwangila. Da an ja raga an zuba a duro sai ya haukace, yana cizon ɗan'uwansa, yana dukan roba da kai. Kafin a iso kasuwa rabi ya juya ciki sama, ruwan ya koma ja. Tarwaɗa fa nake gaya maka, wadda a da sai ka buga mata taɓarya sau biyu tana kallonka.

Masu tafki suka zauna da Ciyaman ɗinsu suka yanke cewa Auta ne ke zuba wani abu a duro, wai don ni uwarsa in kwashi mushen a wulaƙance in yi banda in sayar. Ka ji hankali. Da ina son arziki ta wannan hanya ai da tuni na gina bene.

Da ya je ɗaukar kaya sai 'ya'yan Ciyaman suka rufe ƙofar gonar. Suka sauko da shi daga mota ta taga. Da sandar raga suka fara, da ta karye suka koma tiyon ban ruwa. Babban cikinsu ya danna kansa cikin duron da mushe ya kwana, ya riƙe har ƙafafunsa suka daina motsi, sannan ya ɗago shi ya tambaye shi ko ya ji ɗanɗanon abin da yake zubawa. An kawo min shi da yatsu biyu a karye, ido ɗaya a rufe. 'Yan sanda sun zo, sun sha ruwan sanyi a gidan Ciyaman, sun tafi.

Kai ka yi karatun kifi har aka ba ka takarda. Ka gaya min me ke kashe shi a hanya. Ba ruwa ba ne, mun canja. Ba cunkoso ba ne, mun rage. Muna hana shi abinci kafin a kama shi kamar yadda aka saba tun fil azal. Ka ba mai motar ƙanƙara amsa, shi ya kawo maka wannan.

Goggonka ta layin masu kifi.


Zuwa ga Goggo,

Na amsa gaisuwa, na kuma amsa jan kunnen. Muna lafiya, jaririya ta fara zama. Labarin Auta ya hana ni cin abinci. Ki ce masa ina yi masa sannu, kuma kada ya yarda a ɗaure yatsun nan a gida.

Ba zan iya yanke hukunci daga nan ba, amma abin da kika kwatanta na san shi. Kifi yana firgita, Goggo, kamar mutum. Da raga ta taɓa shi, wani wuri kusa da ƙodarsa yana zuba wani sinadari cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, jiki ya shirya gudu. Wannan ba ciwo ba ne, da shi yake tsira. Amma amfaninsa shi ne ya tashi ya kuma sauka. In ya tashi ya ƙi sauka, kifin zai ƙone ƙarfinsa gaba ɗaya, ya yi ta faɗa, ya mutu ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Cikin abubuwan da ke sa ya sauka har da irin man da ke cikin abincinsa. Mai ba ɗaya ba ne. Akwai wani irin kitse a cikin man kifi wanda jikinsa ke gina kansa da shi, musamman jan naman nan na gefen kai da yake numfashi da shi. A nan mun gwada: keji ɗaya da man kifi, ɗaya da man shuka zalla. A ido ba kya bambanta su, wani lokaci na man shukar ma ya fi ƙiba. Sai ranar kamu ake ganin wanda ya fi jurewa. Tarwaɗa tana ɗaukar man shuka in mai kyau ne kuma an haɗa shi daidai. Wanda ba ta ɗauka shi ne man da ya lalace, irin wanda aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi. Wannan yana cin hanta a hankali. Kifin zai yi ta zama lafiya a tafki muddin ba a tayar masa da hankali ba.

Ki feɗe guda cikin waɗanda suka mutu. Hanta mai lafiya ja ce, mai ƙwari. In kin ga ta koɗe ta yi kalar sabulu, tana marmashewa a yatsa, ciki kuma cike da kitse, to ki tambayi abin da suke ci. Ki murje ƙwayar abincin a tafin hannu ki shinshina, hancinki ya fi na'urarmu. Lokacin da na baro, kowa abincin buhu na kamfani yake saya, shi ya sa abin ya ɗaure min kai. Ko an sayar musu da wanda ya daɗe a rana?

Kada ki ɗauki maganata kawai, ki gwada. Kifin da ya ci wani abinci dabam, da nasu, mota ɗaya, ruwa ɗaya, direba ɗaya. In ɗaya ya iso da rai ɗaya bai iso ba, laifin ba na direba ba ne.

Kafin nan, ki hana Auta zuwa gonar nan.

Ɗanki.


Ɗana,

Wasiƙarka ta yi tafiyar hawainiya. Mai ƙanƙara ya ce motarsa ce ta lalace, ni kuma na ce sabuwar budurwa ce, fuskarsa ta nuna ban yi kuskure ba. Ina fata kuna lafiya. Gwiwa tana nan, amma yanzu ba ni da lokacinta.

Ka ce in hana Auta zuwa. Kafin maganarka ta iso 'ya'yan Ciyaman suka zo. Rana tsaka, kasuwa ta cika, suka shigo layinmu da ƙarafa. Suka kifar min da bahunan kifi, suka fasa tandar banda, suka watsa garwashin a rumfa. Maƙwabciyata mai sayar da kayan miya ta ce su ji tsoron Allah, ɗaya ya mare ta har ɗankunnenta ya tsaga kunnen. Auta yana bayan rumfa da hannu a ɗaure. Suka janyo shi, suka shimfiɗa lafiyayyen hannun a kan katakon da nake sara kifi, babban ya ɗauki addata ya ɗora a wuyan hannun. Bai sara ba. Ya ce, "Inna, kaya ɗaya ya sake mutuwa, wannan hannun za mu kawo miki a duro." Inna ya ce min, ka ji ladabi.

Na ce Auta ya bar garin. Ya ce in ya gudu ya amsa laifi ke nan, kuma matarsa tana da tsohon ciki, ina zai kai ta? Ya gaji taurin kan ubansa, bai gaji wayona ba.

Na feɗe kifin. Kai, Likita, ashe ba a banza aka ba ka takarda ba. Hantar kamar sabulun wanki da ya kwana a ruwa. Na samo abincin da dabara, na murje, na shinshina. Warin kaskon suya ne na bakin tasha, irin wanda ke kama maƙogwaro.

Zancen buhun kamfani kuwa, ka daɗe ba ka zo ba. Tun da ya yi tsada suka bar shi, suka koma na haɗin gida mai rahusa. Dukansu, ban da Tsohon Soja. Ka tuna shi, wanda ba ya gaisawa da kowa. Shi ya ce abin da bai ga an rubuta a jikin buhu ba, kifinsa ba zai ci ba. Na je na same shi. Na yaba tafkinsa, na yaba karensa, na zagi Ciyaman kaɗan, sai ga shi ya amince ya ba da kifinsa a gwada. Ciyaman ma ya yarda, don na ce masa a gaban mutane in yana da gaskiya me yake tsoro. Ya ce to, amma in kifin Soja ma ya mutu, kada in yi kuka a kan abin da zai biyo baya.

Ranar babbar kasuwa mai zuwa za a yi, a gaban kowa. Ka ce a gwada, za a gwada.

Kada ka tambaye ni wa ke haɗa abincin. Ban ce na sani ba, ban ce ban sani ba.

Goggonka.


Goggo,

Ki yafe min gajeriyar gaisuwa, mai ƙanƙara yana jirana da injin a kunne.

Injin fitar da ƙwayar abinci guda ɗaya ne a duk yankinmu na gida, kuma ni na haɗa wa Baba shi da hannuna kafin in taho, don ɗan tafkinsa na bayan gida. Ni na koya masa awon, har da man kifin. Kin san wa ke haɗa abincin, ni ma yanzu na sani.

Da na ce ki gwada, ina nufin ke da Auta, a ɓoye, don hankalinki ya kwanta. Ban ce ki tara kasuwa ba. Mutanen da suka ɗora adda a hannun yaro kan zato, me kike jin za su yi wa tsoho in sun ga hujja da idonsu?

Don girman Allah ki ɗaga ranar. Ki ce gwiwarki ce, ki ce motar ce, ke ba a rasa ki da abin faɗa. Na nemi izini, da jirgin ruwan kaya na gaba zan fito. Zan zauna da Baba. Za mu gyara haɗin a hankali, cikin 'yan makonni kifin zai fara jure hanya, maganar ta mutu da kanta ba wanda ya ji. Na tabbata bai san man ne ke yin wannan ba. Shi dai ya ga kifi yana ƙiba.

Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki jira ni.

Ɗanki.


Ɗana,

Ina gaishe ka. Daga bencin asibiti nake rubuta wannan, a kan gwiwata, don haka ka yi haƙuri da rubutun. Babanka yana da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Zan iya ce maka wasiƙarka ta makara, kuma mai ƙanƙara zai rantse min a kan haka in na sa shi. Ba ta makara ba. Ana gobe kasuwa wasiƙar ta iso. Na karanta a tsaye, na ninke, na ɗauki mayafina na tafi wurin babanka.

Na same shi a rumfar injin. Jarkokin man suna jere a bayan buhunan masara, baƙi ƙirin, ƙudaje na bin bakinsu. Na ce, "Yaya, man nan ne." Bai ce wane mai ba. Bai ce ta yaya ba. Ya ci gaba da ɗinke bakin buhu. Ka ce bai sani ba. Wataƙila da farko bai sani ba. Amma na leƙa bayan gida, buhun kamfani na gani a jingine a bakin nasa tafkin.

Na roƙe shi mu je wurin Ciyaman tare, ya ce kuskuren haɗi ne, ni zan yi maganar, na san yadda ake sanyaya mutum. Ya ce in ya buɗe baki kashe shi za su yi. Na ce to Auta fa? Ya ce Auta yaro ne, ya nemi wani aikin mana. Na ce da wane hannun? Sai ya miƙa hannu ya kunna injin. Na tsaya ina magana, ƙarar ta rufe ni, shi kuma bai ƙara ɗago kai ba.

'Yan makonni ka ce. Akwai kaya biyu da Auta zai ɗauko kafin jirginka ya taso. Na auna, ɗana. Aikina ke nan, awo.

Da safe 'ya'yan Ciyaman da kansu suka wanke durori, da kansu suka ɗebi ruwa. Aka shafa jan fenti a na Soja. Babban ya hau baya ya zauna a kan murfi da ƙarfe a cinya, ƙaramin ya zauna gaba kusa da Auta, wanda ke tuƙi da hannu ɗaya. Da suka iso, layinmu ba masaka tsinke. Aka buɗe na Soja, wata ƙatuwa ta yi tsalle ta mari mai buɗewar a fuska, mutane suka kwashe da dariya. Aka buɗe na Ciyaman. Dariyar ta tsaya.

Na ɗauko ɗaya nan ɗaya can na feɗe a kan katakona, na ajiye hanta biyu gefe da gefe. Na murje abincin na miƙa wa Ciyaman tafin hannuna. Ya shinshina. Ban kira sunan kowa ba. Ba sai na kira ba, kowa ya san inda yake kai buhunsa.

Na ɗauka za a yi zage-zage, a je gaban hukuma, a rufe injin. Ko kuma in ce na so in ɗauka haka. Ban gama goge wuƙa ba layin ya zama wayam.

Da gwiwar nan na bi su. Kafin in isa sun ɓalle ƙofar rumfar babanka. Sun fasa injin da guduma. Sun janyo shi waje da wuyan riga, suka durƙusar da shi, babban ya cika hannu da abincin nan yana tura masa a baki yana cewa ya ci, tun da mai kyau ne. Da ya tofar sai ƙarfe ya sauka a muƙamuƙinsa. Na ji ƙarar daga bakin titi. Wani ya kifar da jarkokin, wani ya jefa ashana. Man ya bi ƙasa da wuta a kansa har ya kama masa ƙafar wando.

Auta ne ya shigo da motar cikin taron da hon a danne, ba don haka ba da sun gama da shi. Soja ya tsaya a tsakiya da sandar raga yana cewa duk wanda ya matso zai san aikin da ya yi a da. Muka juye wa babanka ruwan duro a ƙafa, muka ɗora shi a baya cikin kifin. Kansa a cinyata yake har asibiti.

An ɗaure muƙamuƙin da waya, da bututu yake shan kunu. Ƙafar dama ta ƙone har gwiwa, likita ya ce za ta warke amma ba za ta miƙe kamar da ba. Rumfa ta zama toka. An kama babban ɗan Ciyaman, wannan karon wutar ta fi ƙarfin a sha ruwan sanyi a kanta. Ciyaman ya aiko wa Auta da gaisuwa, wai a yi haƙuri, ya zo ya ɗauki kaya gobe. Auta zai je. Matarsa ta sauka, mace.

Ba zan ce ka yafe min ba. Da za a mayar da ni ranar, da na sake feɗe kifin nan. In ka ga dama ka daina kira na Goggo, zumuncin dama da nisa.

Abu ɗaya kawai. Jiya da na zo gyara wa babanka matashi ya kama hannuna, ya nuna sama da yatsa, can inda kake, sannan ya kwatanta katako da wuƙa da hannu. Na gane tambayar: ko kai ka sa na feɗe kifin. Na ce masa a'a, yaronka bai san komai ba, tun da ya tafi ko gaisuwa ba mu taɓa yi ba, ni na gano da hancina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya saki hannun ya yi barci.

Ban da mai ƙanƙara, ba wanda ya san ka rubuto min, ko Auta. Wasiƙunka sun shiga wutar banda. Don haka in ka sauka daga jirgi, ka shigo ɗakin nan ka zage ni a gabansa, da ƙarfi, yadda zai ji. Zan sunkuyar da kai in ɗauka.

Goggonka, in har yanzu ni ce.